Ranar da Kawu Barnaba Ya Karkatar da Yaƙin Zumuntar Mata

Aikin farko da Kawu Barnaba ya ba ni a bakin kogi shi ne kwashe ruwa. Ya miƙo mini jarkar da aka yanke wa kai, ya nuna mini cikin kwale-kwalen, ya koma gindin mangwaro ya zauna. A lokacin ban daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba, ga digirina na tarihi, kuma takalmin da ke ƙafata na zuwa neman aiki ne. Na tambaye shi yaushe zan fara tuƙi. Ya ce, "Farfesa, sai ranar da ka gano ta inda ruwan nan yake shigowa."

Ina rubuta wannan ne dominku, ƙannena na Kamazou da Unguwar Boro, da kuke zuwa mashigi da yamma kuna cewa Iliya ya huta, yana zaune a bayan jirgi iska tana kaɗa shi, mutane suna miƙa masa kuɗi. Wasunku har sun tambaye ni inda ake sassaƙa jirgi. Kafin wani ya sayar da wayarsa ya shiga wannan sana'a, ya dace ya san mene ne fito, wato tsallakar da mutane kogi, ya kuma ji yadda muka rasa mafi kyawun fasinjojinmu a safiya ɗaya.

Jirginmu na katakon maɗaci ne, an haɗa shi da ƙusa, an toshe mahaɗin da tsumma da kwalta. Rana tana buɗe mahaɗin, ruwa yana ruɓar da tsumman, don haka babu jirgin da ba ya yoyo, sai dai wani ya fi wani kunya. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai gora, doguwar sandar da ake tokarar ƙasan kogi da ita inda ruwa bai yi zurfi ba, akwai filafili na inda gora ba ta kaiwa, akwai igiya, akwai rigunan ruwa, sannan ga yankakkiyar jarkar nan wadda ta fi su duka aiki. Da rani duwatsu suna fitowa kamar bayan shanu, wanda kuma bai fito ba shi ne abin tsoro. Da damina ruwan yana yin ja, yana gudu, yana ɗauko itace da shara da duk abin da garin ya gaji da shi. Babbar ƙa'idar tuƙi ita ce ba a nufar inda za a sauka. Sama ake nufa, ruwa ya gangaro da kai wurin. Idan matuƙi ya saki hancin jirgi ko kaɗan, to a wani mashigin zai sauka. Ku riƙe wannan, domin zai dawo.

Ranar da aka fara ba ni gora, wani bakanike daga Kakuri, Oga Emeka, ya kawo injin ban ruwa da ya gyara wa wani manomi a tsallake. Na ce a ajiye injin a tsakiya, shi ya zauna a gaba. Ya ce sam, shi a kan injinsa zai zauna, domin ba a biya shi ba tukuna, idan injin zai nitse gara su tafi tare. Muna tsakiyar kogi wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe tsaye don ya ciro ta daga aljihu. Jirgin ya kwanta gefe guda, ruwa ya shigo, wata akuya da ke ɗaure a ƙasa ta haye cinyar mai ita. Kawu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Oga, in ka zauna za ka amsa wannan kiran. In ka tsaya, wani kiran za ka amsa." Oga Emeka ya zauna. Daga ranar na fahimci cewa rabin sana'ar nan zaunar da mutane ne.

Shi ya sa babu fasinja kamar matan lambu. Suna da gonakin kayan miya a tsallaken kogi. Da sassafe su shiga da kwanduna da fartanya, da hantsi su dawo da alayyafo da tumatir da yakuwa da kuɓewa. Kullum suna nan, ko ana ruwa ko ana rana. Suna yin ciniki kamar za su cire wa mutum haƙori, amma sun san zama a jirgi, ba sa tsalle, ba sa leƙen kifi. Su ne abincin mai fito. Yawancinsu kuwa 'yan zumuntar mata ne na ikilisiyarmu, masu anko da kaɗa tulu ranar Lahadi.

Akwai kuma rukuni na biyu, wanda ba mu cika ambata ba. A tsakiyar kogin akwai tsibiri, inda wata mata ta kafa rumfar burukutu bayan dattawan unguwa sun kore ta. Masu sha suna buƙatar jirgi, jarkokin giyar ma suna buƙatar jirgi. Kawu kuwa dattijo ne a ikilisiya, shi yake zagayawa da farantin baiko, wato na karɓar sadaka ranar Lahadi. Na taɓa tambayarsa yadda yake haɗa biyun. Ya ce, "Ni ruwa nake tsallakar da mutum. Abin da zai zuba wa cikinsa a can, tsakaninsa ne da wanda ya yi cikin."

Muguwar shekararmu ita ce wadda aka buɗe sabuwar gada a sama da mu. Ma'aikata da 'yan makaranta suka koma hawan keke mai ƙafa uku. Muna cikin wannan sai Ayuba, wanda Kawu ya koya wa fito tun yana sa gajeren wando, kuma mai rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu, ya sayi nasa jirgin ya buɗe mashigi a ƙasa da namu. Wurinsa ya fi kusa da titi, akwai babbar ɗorawa mai inuwa, ya kuma jera buhunan yashi ya yi matakala. Namu gangare ne mai santsi, wanda ya taɓa zaunar da matar fasto ba tare da ta yi niyya ba. Matan lambu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya daina cin abincin rana. Yana zaune yana kallon ƙasan kogi yana cewa, "Yaron da na koya wa riƙe gora."

Wata rana da tsakar rana, babu fasinja, mun kifa jirgi muna narka kwalta, sai ya ce, "Farfesa, wai me ka karanta ne a jami'ar nan da ya cinye aladun uwarka?"

Na ji daɗin tambayar, domin babu wanda ya taɓa yi mini ita. Na gaya masa cewa bincikena na kammala digiri a kan biranen teku ne na ƙasar Italiya a zamanin da, irin su Venis da Jenowa, waɗanda ba su da gonaki na a zo a gani, ba su da sarki mai gado, jiragen ruwa da fatauci ne ƙarfinsu. Na ce duk mayaƙan gicciye da suke son zuwa ƙasa mai tsarki ta teku, sai sun nemi waɗannan mutane sun tsallakar da su.

Ya ce, "Ashe 'yan fito ne."

Na ce kusan haka ne, sai dai a babban mataki. Na ba shi labarin rundunar da ta taru a Venis a farkon ƙarni na goma sha uku da niyyar faɗa wa Masar, daga nan ta wuce Urushalima. Mutanen Venis sun ƙera musu jirage masu yawa, amma mayaƙan da suka zo ba su kai yadda aka tsara ba, suka kasa biyan kuɗin jiragen, abin ya tsaya. Shugaban Venis, wani tsoho makaho, ya ba su shawarar su fara taya shi karɓo wani gari mai suna Zara, wanda ya fita daga hannun Venis yana kuma yi mata kishiya a kasuwancin teku.

Kawu ya ajiye tsumman da ke hannunsa. "Mutanen garin nan, wane addini suke yi?"

"Kiristoci ne, Kawu, kamar mayaƙan. Ga shi kuma Venis tana ciniki da Masar ɗin da aka ce za a yaƙa. Amma masana sun yi saɓani a kan ko tun farko da gangan aka shirya karkatar da rundunar. Dole a faɗi wannan. Sannan Paparoma ya hana, da suka ƙi ji ya fitar da su daga tarayya. Daga baya ma suka washe Kustantiniya, babban birnin Kiristocin gabas, wanda yau ake kira Istanbul. Urushalima kuwa ba su taɓa isa ba. Abin baƙin ciki ne ƙwarai."

"Bar wannan. Garin farkon, sun same shi?"

"Sun same shi."

Ya ce, "Shugaban Venis ɗin, tsoho ne, ka ce?" Na ce tsoho ne. Ya ɗauki tsummansa ya ci gaba da aiki, har yana ɗan fito da baki. Ina so a shaida cewa na ba da labarin nan a cike, da gargaɗinsa da komai.

Ba a yi mako biyu ba sai ga Mama Rifkatu, Uwar Zumunta, ta gangaro mashiginmu tana dafa bishiya saboda santsi. Mace ce mai jiki da murya, wadda ko fasto yakan gyara tsayuwa in tana magana. Ta ce, "Barnaba, mazajenmu sun ƙare a tsibirin can. Mijin Talatu ya sayar da buhun masara ya shanye. Ranar Asabar da safe za mu je da addu'a da waƙa, ba za mu bar wurin ba sai rumfar nan ta tashi. Kai dattijo ne, jirginka muke so."

Na dubi Kawu. Matan lambu suna guduwa, tsibirin ne kaɗai ya rage mana, ga shi an zo a ɗauki jirginmu a je a rushe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, aikin Ubangiji ne. Kyauta zan kai ku." A nan ne gabana ya faɗi, domin Kawu bai taɓa tsallakar da kowa kyauta ba, har gawa.

Ranar Asabar suka zo da ankonsu da tulunansu da caki. Waɗanda jirgin ya iya ɗauka suka shiga, sauran suka tsaya a gaɓa suna amshi. Na ɗaura wa kowacce rigar ruwa, ta Mama Rifkatu sai da na ƙara da igiya. Ina gaba da gora, Kawu yana baya da filafili. Muka nufi sama yadda aka saba, waƙa tana tashi, har masu wanki suka tsaya kallo. Daga tsibiri na hango mutane suna shigewa cikin ciyawa.

Muna kaiwa inda gora ta daina taɓa ƙasa sai na ji hancin jirgin ya saki. Na waiga. Kawu yana tuƙi da ƙarfi, yana nishi, gumi yana zuba, amma filafilin saman ruwa kawai yake shafa.

Mama Rifkatu ta ce, "Barnaba, ga tsibiri can. Ina kake kai mu?"

"Mama, ruwa ya ƙi. Tun ina saurayi nake kogin nan, bai taɓa yi mini haka ba." Ya girgiza kai. "Ko dai ana nuna mana wani abu ne? Ki duba fa, giyar nan ba a tsibiri ake dafa ta ba. Ba ta da fiffike. Wani ne yake kai ta."

"Wa?"

"Bakina ba zai faɗa ba, ɗan ikilisiya ne. Mu dai ga inda ruwan zai ajiye mu."

Na ce, "Kawu, na gaya maka fa Paparoma ya hana mayaƙan nan."

Ya ce, "Farfesa, riƙe gorarka."

Ruwan, bisa ƙa'idar da na ambata, ya ajiye mu daidai matakalar Ayuba. Matan da ke gaɓa suka biyo mu da ƙafa suna waƙa. Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, gwargwadon wanda aka tambaya, Ayuba yana cikin jirginsa da jarka ɗaya mai kumfa a baki. Mata suka kewaye shi. Tulu ya ɗauka, caki ya amsa. Wata tana nuna shi da yatsa tana cewa, "Kai Ayuba! Da bakin nan kake yi mana waƙa ranar Lahadi?" Fasinjojinsa suka kwashi kwandunansu suka ja gefe. Kawu ya tsaya a bayan jirgi ya harɗe hannu, fuskarsa cike da baƙin ciki irin na dattijo.

Ayuba ya dubi Kawu, ya dubi matan, ya sake duban Kawu. Sai ya ɗauki jarkar ya tuttular da ita a kogi, ya hau matakala, ya zube a kan gwiwoyinsa, ya karɓi waƙar daga bakinsu. Dole in faɗi gaskiya, Ayuba yana da murya. Kafin a kai baiti na biyu matar da ta nuna shi da yatsa tana share hawaye da bakin zane.

Ya ce, "Iyayena, na yi zunubi. Daga yau jirgin nan ba zai ƙara ɗaukar giya ko mashayi ba. Ku yi mini addu'a."

Mama Rifkatu ta ciro kwalbar man zaitun daga jakarta, ta shafa masa a goshi, ta shafa wa hancin jirgin, ta ce, "Wannan jirgin zumunta ne." Aka yi guɗa. Tana gama addu'a ta buɗe ido ta dubi ɗorawar, ta taka buhun yashi da ƙafa ta ji ƙarfinsa, ta hango titi. Ita ma tana da lambu a tsallake. Ta ce, "Kai, wurin nan da inuwa. Mata, ai nan ya kamata mu riƙa yin addu'ar Asabar."

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Mama, ruwa ya lafa, ko mu ƙarasa tsibirin?"

Ayuba, yana nan a durƙushe, ya ce, "Mama, kafin ku tafi, in ƙarasa tubana. Ni ƙaramin mai zunubi ne, jarka ɗaya nake kaiwa. Wanda ya nuna mini hanyar tsibirin, wanda yake cika jirgi har sai ruwa ya kusa shiga, bakina ba zai faɗi sunansa ba, domin ubangidana ne, shi ya koya mini riƙe gora."

Ban taɓa jin tulu ya yi shiru da sauri haka ba. Muka koma mashiginmu mu biyu a jirgi, muna haurawa sama da ƙyar. Matan da ƙafa suka koma gida. Tsibirin kuwa har yau ba su isa ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da tsari. Dattawan ikilisiya suka sa Kawu a ƙarƙashin horo, aka karɓe farantin baiko, aka mai da shi bencin baya, inda yake jin muryar Ayuba sarai. Matan lambu suka koma jirgin zumunta gaba ɗaya. Addu'ar Asabar ta jawo mai kunu, mai kunu ta jawo mai ƙosai, masu sayen kayan miya daga Sabon Tasha suka gane cewa a gindin ɗorawar ake samun alayyafo da raɓarsa. Yanzu ƙaramar kasuwa ce. Ana buɗe ta da addu'a, Mama Rifkatu ce take raba wuraren zama, Kirista da Musulmi kowa yana baza kayansa. Mu kuma, tunda Ayuba ya rantse a gaban jama'a, duk mashayin da ke wannan gefen kogi ya zama namu. Babu mai yi mana gasa.

Tsallakar da mashayi fanni ne na musamman, kuma shi ne aikin da kuke gani ina yi kuna cewa na huta. Kuɗin zuwa da dawowa tun a tafiya ake karɓa. Ba a zaunar da shi a kan katako, a ƙasan jirgi ake shimfiɗe shi, a ɗaure rigar ruwan ta baya inda hannunsa ba ya kaiwa. Ba a haɗa masu goyon bayan ƙungiyoyin ƙwallo biyu a gefe ɗaya. Idan ya ce zai taya ka tuƙi, ka gode masa ka ɓoye filafili. Idan ya ce ya hango matarsa a gaɓa zai sauka a nan, ka riƙe wandonsa. Jirgin ƙarshe yana tashi tun da sauran rana, wanda ya ƙi shiga ya kwana da sauro. Ban taɓa rasa ko mutum ɗaya ba, amma takalman da kogin nan ya ci sun isa buɗe shago. Abincin yana fitowa, ba kamar da ba, amma yana fitowa.

Gwiwoyin Kawu sun gaji, ni nake riƙe da jirgin yanzu, shi yana gindin mangwaro. An daɗe da janye horon, sai dai farantin bai dawo ba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban ga inda tarihi ya yi kuskure ba. Kwanakin baya na sauke jirgin yamma, fasinjojin suna hawa gangaren da hannu da ƙafa suna rera wata waƙa kowa da nasa amo, sai ya kira ni.

"Farfesa, mutanen nan naka na Venis, a ƙarshe me ya same su?"

Na ce sun daɗe suna cin duniyarsu, daga baya hanyoyin fatauci suka sauya, ƙarfinsu ya tafi. Yanzu masu kwale-kwalensu baƙi 'yan yawon buɗe ido suke zagayawa da su, wani lokaci har suna yi musu waƙa.

"Matuƙin ne yake waƙar?"

"Shi ne, Kawu."

Ya dubi fasinjojinmu, ɗaya ya zame ya gangaro har bakin ruwa bai daina amshi ba. Ya ce, "To mun fi su. Mu ana yi mana."

Duk wanda ya karanta wannan a cikinku kuma har yanzu yana son fito, ya zo mashigi da sassafe, kada ya sa takalmin neman aiki. Yankakkiyar jarkar tana rataye a jikin mangwaro. Sai dai ya sani, bayan jirgin yamma, ba duk abin da ake kwashewa daga cikinsa ne ruwan kogi ba.